Mako na Bakwai: Bugun Duhu da Zafin Zariya

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. A rahoton da ya gabata kan na'urar gano ƙwayoyin haske da nake haɗawa, na tsaya ne a daidai lokacin da na fara ganin bugu, wato ɗan tsallen wutar lantarki, a fuskar osiloskop, na'urar da ke zana motsin wuta a allo, kuma na yi gaggawar ɗauka cewa kowane bugu ƙwayar haske ce guda, wato foton. Wannan makon ya nuna mini cewa da sauran aiki.

Ga waɗanda suka shigo daga baya, diyod ɗan kayan lantarki ne da ke barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai. Wanda nake amfani da shi na silikon ne, kuma ana ba shi wuta ta gefen da ya saba tarewa har a ɗan wuce iyakar da yake ɓallewa ya kasa tare ta, wadda a nawa ta haura volt 100, don haka ina roƙonku ku kashe wuta kafin ku kai hannu. A wannan hali, idan foton ɗaya ya 'yanto ilektron ɗaya, ilektron ɗin yakan bangaje wasu, su ma su bangaje wasu, har abin ya zama ambaliyar da na'ura za ta iya gani. Abin da har yanzu yake ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar mafarin, domin foton na jan haske mai tsawon zango nanomita 650 ƙarfinsa bai kai ilektron-volt 2 ba, shi kuwa ilektron-volt ɗan mitsitsin ma'aunin ƙarfi ne. Resista mai ohm 330,000 da na jera da diyod ɗin, wadda aikinta rage gudun wuta ne, ita ce ke kashe ambaliyar, sannan diyod ɗin ya ɗauki ɗan lokaci yana farfaɗowa, kuma a farkon wannan lokaci ba ya ganin komai. Masanin lantarki Sergio Cova da abokan aikinsa a Milan sun rage wannan jira da da'irar da ke kashe ambaliyar da kanta, amma ni ban kai nan ba tukuna.

Na saka diyod ɗin cikin gwangwanin madara da na shafe cikinsa da baƙin fenti, na naɗe ramin wayoyin da baƙin salatif da na sayo a kasuwar Sabon Gari, duk da haka bugun bai tsaya ba. Wannan shi ne bugun duhu: zafi kaɗai yana iya 'yanto ilektron a cikin silikon, kuma ambaliyar da ta biyo baya ba ta da wani bambanci da ta foton. Da asuba, sanyin ƙarshen hunturu bai gama sakin ɗakina a Samaru ba, layukan bugun sukan fito jefi-jefi, amma bayan azahar, da kwanon rufi ya ɗauki rana, sai su cika fuskar osiloskop kamar tsinken tsintsiya.

Da na manna farantin Peltier, wanda gefensa ɗaya ke yin sanyi idan an ba shi wuta, domin sanyaya diyod ɗin, bugun bai ragu yadda na zata ba, kuma tsayinsa ya ƙaru. Na kwana biyu ina zargin haɗin wayoyina kafin na gane dalili. Iyakar ɓallewar diyod tana sauka idan ya yi sanyi, ni kuwa na bar wutar a inda take, saboda haka ratar da ke tsakanin wutar da iyakar ta faɗaɗa ba tare da na taɓa komai ba. Da na sake auna iyakar a cikin sanyin, na mayar da ratar yadda take, sai bugun duhu ya faɗi ƙwarai. A ganina duk wanda zai kwatanta ƙidaya biyu ba tare da rubuta zafin diyod da wannan rata ba, aikin banza yake yi.

Bushewar iskar wannan lokaci ta taimake ni, domin raɓa ba ta kwanta a kan gilashin diyod ba, amma kafin damina dole in rufe gwangwanin ruf in zuba sinadarin tsotse laima a ciki. Mako mai zuwa zan rubuta tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, in ga ko akwai masu biyo juna kurkusa fiye da kima, waɗanda ilektron da suka maƙale a silikon suke haifarwa bayan ambaliya ta wuce.