Gidan da aka haifi Shakespeare

Jama'a, yau na leƙa gidan da aka haifi William Shakespeare, shahararren marubucin wasan kwaikwayo, a 1564, a titin Henley da ke garin Stratford-upon-Avon, Ingila. Wallahi gidan bai kai sunan mai shi ba! Katako ne da yaɓe, benen sai ƙara yake in ka taka.

Inda na fi daɗewa shi ne shagon babansa John. Baduku ne mai ɗinka safar hannu ta fata, a cikin gidan yake sana'arsa. Ka ga ke nan cikin warin jima yaron ya tashi.

Akwai kuma tsohuwar taga da maziyarta a can baya suka karce sunayensu a gilashinta, har da Walter Scott, marubucin nan ɗan Scotland. Yanzu kuwa wa zai bar ka? Tun 1847 aka saye gidan a gwanjo kan fam 3,000 don a adana shi.