Ni ne na uku da ya sa hannu

Biron shuɗi ne, an tauna murfinsa. A kan bonet ɗin farar mota aka shimfiɗa takardar, wani yaro ya danne ta da dutse saboda iska. Lawan, mai unguwarmu, ya sa hannu, liman ya sa, sai aka miƙo mini. Ban karanta ba. Ni da aka naɗa sakataren kwamitin unguwa don kawai na yi lekwal, wato boko, kuma ina jin Faransanci, ban karanta ko layi ɗaya ba. Na rattaba hannu na mayar da biro, har ina ce wa yaron na gode.

Unguwarmu tana bakin Garwa, a arewacin Kamaru. Bayan gidajenmu akwai wani kwari mai faɗi, ƙasar laka ce, kuma wani ƙaramin mayo, wato rafi, ya ratsa ta tsakiyarsa. Da rani ba ka ganin komai sai yashi da sawun awaki, amma da damina duk ruwan da ke gangarowa daga tudu ta nan yake bi ya nufi Binuwai. Tun muna yara ake dasa masakwa a ɓangare ɗaya bayan ɗaukewar ruwa, ɗaya ɓangaren kuma, inda ya ɗan yi tudu, nan samari ke buga ƙwallo, nan muke sallar idi. A 2012, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo Binuwai ta cika ta batse, kwarin nan ne ya shanye ruwan da ya kamata ya shigo mana ɗaki. Duk wanda ya ga wannan shekarar ba sai an yi masa bayanin amfanin wurin ba.

Amma Garwa ta yanzu ba ta bar fili ya huta. Mutane sun sauko daga yankin Arewa Mai Nisa saboda rashin tsaro, an yi gasar cin kofin Afirka a filin Rumde Ajiya a farkon 2022, an buɗe jami'a, kowa yana neman inda zai sa bulo. Sai muka ji cewa wani ɗan kasuwa ya daidaita da iyalan da ke noma kwarin. Dabarar sananniya ce. Doka ta ce wanda ya riga ya zauna ko ya raya ƙasa kafin 5 ga Agusta 1974, shi da magadansa, suna iya neman titir fonsiye, takardar mallakar fili ta hukuma, kai tsaye. Sai mai kuɗi ya biya duk ɗawainiya a fitar da titir da sunan iyalan, daga baya ya saya a gaban notar, mai tabbatar da ciniki a hukumance, ya yanka lotisma ya sayar fili-fili. Ba mu da ja da haƙƙin iyalan a kan gonarsu, kakansu ne ya sare dajin. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne jin cewa iyakar za ta haɗa da mayon da filin idi.

Mun yi abin da kowa ke yi. Taro bayan isha'i a ƙofar masallaci, karo-karo, kwamiti. Ni na rubuta takardar koke, shafi biyu, Faransanci mai kyau har da ambaton 2012. Muka bi gida-gida aka sa hannu, masu dangwale suka dangwala. Muka kai meri, ofishin magajin gari, aka buga mana hatimi a kwafinmu. Na dawo gida ina jin kaina kamar wanda ya ci shari'a. Na sa takardar a leda na ajiye a ƙarƙashin katifa.

Bayan 'yan makonni sai ga komisiyo, kwamitin hukuma mai duba filin, ta sauko: suferefe, wato wakilin gwamnati a yankinmu, mutanen kadastir masu taswirar filaye da na ofishin filaye, jomet da kayan awonsa, Lawan da dattawa biyu. Mun tsaya muna kallo ana jan tef, ana haƙa rami ana dasa borni, wato alamar iyaka. Na ga borni ɗaya ta tsallake mayon da idona. Na matsa kusa da Lawan na ce, "Allah ya ja zamaninka, ai sun haye ruwa." Ya ce, "Malam, ba a gardama a gaban baƙi. Ai takardarku tana can sama. Ku sa hannu, shaidar kun halarta ce kawai, maganar za mu yi ta a gida." Ban zarge shi da cin amana ba, har yau ina ganin shi ma haka ya ɗauka. Amma shi ba ya karatun boko. Ni ina yi.

Takardar nan ba ta masu halarta ba ce. Ita ce rahoton kafa borni, wanda jomet da shugaban komisiyo da mai unguwa da maƙwabtan fili suke sa wa hannu. Gidana yana cikin waɗanda suka yi iyaka da kwarin. Wato ni, sakataren masu adawa, na shaida a rubuce cewa iyakar nan ta yi daidai kuma ba ni da magana.

Ban san haka ba sai bayan wata huɗu, da wani dattijo da ya yi ritaya daga kadastir ya zo shagona sayen kayan babur. Baffa muke ce masa. Ina ba shi labari cikin alfahari, ya bar ni na gama tsaf, sannan ya tambaye ni, "Ɗana, opozisiyon ɗinku, takardar adawar nan, wa ya karɓa?" Na ce meri, har da hatimi. Ya ce, "Meri ba ta ba da titir." Ya ja benci ya zauna ya warware mini abin kamar mai koya wa yaro alif ba. Tun ranar da mai nema ya ajiye takardarsa a ofishin suferefe ƙofar adawa take buɗe. Idan ka yi magana kafin borni ko ranar borni, komisiyo ce za ta saurare ka a nan take, a rubuta. Idan ka makara, sai ka rubuta wa konservatar, mai riƙe da kundin filaye na depatma, wato gunduma, ya shigar da ita a rajistar adawa. Kuma kwana 30 ne kacal daga ranar da sanarwar kammala borni ta fito a mujallar sanarwar filaye. Bayan nan an rufe. Dikirin 1976 ne ya tsara haka, aka gyara shi a Disamba 2005, gyaran da ya sa fayil ya daina zuwa Yawunde, ake bayar da titir a depatma. Da can fayil yana shekaru a babban birni, mutum ya sami lokacin farkawa. Yanzu kafin ka gama taron ƙofar masallaci an gama.

Na ce, "Baffa, wace mujalla? Mu ko ganinta ba mu taɓa yi ba." Ya yi dariyar da ba ta yi mini daɗi ba. Ya ce ai tun farko ma ana liƙa sanarwa a ofishin suferefe da meri da wurin mai unguwa. Ranar da muka kai koken, ta yiwu mun wuce ta gefen allon da aka liƙa ta. Ina tuna allon sarai, takardu sun yi masa yawa har wasu sun rufe wasu. Ban tsaya ba, ina sauri in sami mai hatimi kafin ya tashi.

Washegari na tafi da sassafe. Kwanaki 30 sun wuce da makonni. Titir ya fita. Doka kuwa ta ce titir fonsiye tabbatacce ne, ba a taɓa shi, sai an tabbatar da zamba ko kuskuren hukuma, kuma wannan hanya ce ta minista da kotun gudanarwa, da lauya, da shekaru. Karo-karonmu ko kuɗin buɗe fayil wurin lauya bai kai ba. Ihu bayan hari.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru ne a zaman sulhu da aka kira. Wakilin ɗan kasuwar, wani matashi mai sanyin murya, bai yi musu da kowa ba. Ya buɗe jaka ya fito da kwafin rahoton, ya ɗaga shi, ya ce, "Alhaji, wannan ba hannunka ba ne?" Ya karanta sunana a gaban mutanen da na bi gidajensu ina cewa su dangwala. Wani tsoho a bayana ya ce a hankali, amma yadda zan ji, "Ashe an sallami sakatare." Sisi ban karɓa ba, Allah ne shaida. Amma wa zai yarda cewa mai karatu ya sa hannu bai karanta ba? Har gara a ce na ci kuɗi, aƙalla da an ce ina da wayo. Mako biyu ina sallar asuba a wani masallaci daban.

Akwai wani abu da ba mu faɗa wa juna a taro, kuma shi ne ya sa muka zaɓi meri muka guji ofishin filaye. Yawancinmu ba mu da titir. Gidan da nake ciki mahaifina ya saye shi da takardar hannu, jauro, wato mai unguwa, ya sa hatimi, shaidu biyu. Ordonans ta farko ta 1974, dokar filaye, ba ta san wannan takardar ba, cinikin fili sai a gaban notar kuma sai filin yana da titir. Kowa yana tsoron ya je ya ce ba a yi daidai a filin wani ba, a juyo a tambaye shi nasa. Baffa ya ce wannan tsoron banza ne, duk mai ruwa da tsaki yana iya adawa. Amma tsoron ya riga ya yi aikinsa. Kuma in za a faɗi gaskiya, ba dukanmu ne ruwa ya dama ba. Wasu baƙin da za su zo ne ba sa so, suna cewa za a kawo mana mashaya da mutanen da ba mu san asalinsu ba, alhali iyayenmu ma daga Kano da Yola da Bauchi suka zo aka ba su wuri. Mutum biyu daga cikin kwamitin kuma, da aka fara sayarwa, su ne na farko a layi. Ban ga laifinsu sosai ba, 'ya'yansu sun girma, ɗaki ya yi kaɗan.

Baffa ne dai ya nuna mana ƙofar da ta rage. Titir daban, izinin yanka fili da izinin gini daban. Ordonans ta biyu ta 1974 ta sa hanyoyin ruwa da fadamu cikin dukiyar jama'a, wadda ba a sayarwa kuma ba ta zama mallakar kowa ko an daɗe a kanta. Dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004 kuma ta hana gini a filin da ke fuskantar ambaliya. A nan ne meri take da ta cewa, don a hannun hukumar gari izinin gini yake. Wato mun kai takarda wurin da ya dace da wata magana daban, a lokacin da bai dace ba, kuma da hujjar da ba ta dace ba. Koken farko cike yake da "kakanninmu" da "tun fil azal". Na biyu shafi ɗaya ne: lambar titir, dokokin nan biyu, da hotuna. Mun jira watan Agusta, samari suka tsaya a cikin mayon ruwa iya ƙugu, kusa da borni ɗin da ta tsallake, kanta kawai ake gani. Kowane hoto da kwanan wata. Kwafi uku muka yi, kowanne na tsaya sai da aka rubuta mini lambar shiga, kuma na karanta abin da aka rubuta kafin in bar tagar.

Ma'aikatan fasaha sun zo suka duba. An mayar wa ɗan kasuwar da taswirarsa ya gyara. Ya bar mayon da 'yar tazara a kowane gefe, ya bar hanya ɗaya da ta haɗa mu da titi, layin filaye guda ya fita daga tsarin. Filin idi kam ya tafi, don yana kan tudu, babu dokar ruwa da za ta kare shi. Da na buɗe baki ranar borni na ce a rubuta cewa ban yarda ba, da komisiyo ta tsaya ta saurari batun filin a gaban kowa, da liman a tsaye da dattawan da suka yi sallar idi a wurin shekara da shekaru. Ba na cewa lallai da mun ci. Ina cewa da an yi maganar. Kalma uku ce, "ban yarda ba", kuma kyauta ce. Duk wanda ya ga motar komisiyo a bayan gidansa, ya bar kunyar baƙi, ya karɓi takarda ya karanta ko da suferefe yana duba agogo. In ba ya karatu, kada ya dogara da irina, ya sa a karanta masa da ƙarfi.

Sallar da ta wuce a bakin titi muka yi idi, an tare hanya da benci, masu babur suna ta hon. Da muka sallame na hango gidajen da suka tashi a tsohon filin, ɗaya har an yi masa fenti ruwan ƙwai. Tsohon nan da ya ce an sallame ni ya miƙo mini hannu muka yi barka da salla, bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Ran Litinin, kafin in buɗe shago, na biya ta allon sanarwa kamar yadda na saba yanzu, na ɗaga takardun sama ina duba na ƙasa. Mai gadin ya riga ya san ni, da ya hango ni sai ya ce, "Alhaji, yau ma babu na unguwarku."