Mai ciki, kada ki raina zafin fitsari

Ƙannena amare, musamman masu cikin fari, ku matso. A ƙauyenmu na gefen Ringim mai cikin fari ba ta faɗin ciwo, balle ciwon da ya shafi mara. Da nawa cikin ina gidan surukai, banɗaki ɗaya ne, kuma sai kin gifta ta ƙofar Baba. Sai na riƙa matse fitsari tun hantsi har ya fita sallar azahar. Don kada ya dame ni kuma na rage shan ruwa, ga bazara. Fitsarin ya yi duhu kamar shayi, yana wari, ƙarshensa da raɗaɗi. Na raɗa wa facalata, ta ce sanyi ne, ta aiki yaro kemis ya kawo kafso ja da yalo a ƙullin leda. Na sha, na bi da jiƙon kanwa.

Zafin ya lafa, na ce an rabu. Ashe sama ciwon ya hau. Zazzaɓi ya rufe ni, haƙora na kaɗawa, ga amai, ga kwiɓin dama kamar an soka tsinke. Aka ce maleriya ce. A babur aka kai ni asibiti, da zani aka ɗaure ni a bayan maigida.

Ga abin da nas ta fahimtar da ni ina kwance da ƙarin ruwa a hannu. Daga kowace ƙoda akwai siririyar hanya da ke sauke fitsari zuwa mafitsara. In an samu ciki, sinadaran jiki kan sa hanyoyin su saki, mahaifa kuma tana girma tana danne su, an fi ganin haka a dama. Fitsari sai ya kwanta. Ƙwayoyin cuta, galibi E. coli da ke cikin bayan gida, su samu wurin hayayyafa, su haura ƙoda. Daga nan ake samun naƙuda kafin lokaci, a haifi bakwaini, ko cutar ta shiga jini. Wannan kafson kuma tetracycline ne, ba a ba mai ciki, don yana taɓa haƙora da ƙashin jariri. Mai kemis bai tambayi yaron ko wa zai sha ba, ni ma ban aika masa cewa ina da ciki ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne cutar kan zauna a fitsari ba zafi ba komai, sai gwaji ya nuna. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awo sau 8, na farko cikin makonni 12. Mu kuwa sai wata shida ko bakwai muke zuwa, don dai a yanki kati. Ki je da wuri, in an miƙo miki 'yar kwalbar gwajin fitsari kada ki ji kunya. In an rubuta maganin kwana 7, ki cika su, ki koma a sake dubawa. Wurin tsarki hannu ya tashi daga gaba zuwa baya. In kin ga jini a fitsari, kuma kina wanki a kogi ko fadama, ki faɗa, don tsargiya maganinta daban.

Toshewar hanyar fitsari kuwa ba ta jiran gari ya waye. Wata mai cikin, wajen wata uku zuwa huɗu, mara ta cika tam amma fitsari ya ƙi fita, sai an sa roba. Mata na gudunta wai tana kawo yoyon fitsari. Ba ita ba ce, doguwar naƙuda ce ke kawo shi. In hoto ya nuna ƙoda ta toshe, misali da tsakuwa, ga kuma zazzaɓi, akan tura babban asibiti irin na Malam Aminu Kano, a zura siririn bututu ya buɗe wa fitsari hanya, cikin na nan lafiya.

Tun yanzu ki sa maigida ya ware kuɗin man babur. Zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko fitsari ya tsaya cak, ko da tsakar dare ne ki tashe shi, kada ki aiki yaro.