Tsatsar da ba a gogewa

Wani abokina dillalin kayan tarihi ya turo mini hotunan takobin Japan da ya gani a gwanjon intanet, yana ta murna wai an ce ƙirar Kotetsu ce, wani shahararren maƙerin takobi na can. Ina ganin hoton wutsiyar, wato ƙarfen da ke shigewa cikin ƙota, na ce masa ya riƙe kuɗinsa. An goge wurin tas, yana sheƙi kamar sabon cokali.

Mu da muka saba goge takobi ya yi wal kafin hawan sallah, wannan zai zo mana banbaraƙwai. Amma a wurin masanan Japan, baƙar tsatsar da ke kan wutsiya ita ce shaidar shekaru. Launinta da kaurinta, sawun magagarin da maƙerin ya bari, yawan hujin da aka yi don sa ƙusar gora mai riƙe ƙota, duk ana karanta su. Wanda ya kankare wurin ya zubar da darajar takobin, kuma ba ta dawowa.

A nan wutsiyar ne maƙeri ke sassaƙa sunansa da kurfi, abin da suke kira mei. Wani ya sa suna kawai, wani ya haɗa da lardi da gari, kamar maƙeran Osafune na lardin Bizen, wani kuma ya ƙara shekara a ɗaya gefen. Bisa al'ada sunan yana gefen da ke kallon waje idan an rataya takobin. Dogon takobin da ake kira tachi ana rataya shi kaifi ƙasa, wanda ake kira katana kuma ana soke shi a ɗamara kaifi sama, don haka gefen da sunan yake na iya nuna yadda aka yi nufin a ɗauke shi. Sai dai maƙeran lardin Hizen, gidan Tadayoshi, sun saba sa suna a gefen tachi ko da katana suka ƙera.

Abin da na fi so in jaddada shi ne, sunan nan shi ne na ƙarshe da gwani ke dubawa. A zaman gwajin da masu sha'awar abin ke yi, ana rufe wutsiyar ne gaba ɗaya, a miƙa wa mutum ruwan takobin tsirara ya faɗi wanda ya ƙera. Zai duba lanƙwasa da tsawo don gane zamani. Zai duba zanen jikin ƙarfen da ninki ya haifar, sannan layin nan mai kama da gajimare da ke bin kaifi, hamon, wanda ke fitowa saboda yumɓun da aka shafa kafin a tsoma ƙarfen mai zafi a ruwa. Daga nan zai karkata zuwa ɗaya daga manyan makarantun ƙira biyar: Yamashiro, Yamato, Bizen, Soshu ko Mino. Sai an gama wannan ake zare ƙota. Idan aiki da suna sun yi hannun riga, sunan ne maƙaryaci.

Sunan jabu kuwa ba yau aka fara ba. Nagasone Kotetsu, wanda ya yi aiki a Edo, wato Tokyo ta yau, a ƙarni na 17, ya fara ne da ƙera sulke kafin ya koma takobi, kuma an kwaikwayi sa hannunsa har ya zama karin magana a can cewa in ka ga Kotetsu, ka ɗauka jabu ne. Wasu jabun ma sun haura shekara ɗari da hamsin, tsatsarsu ta gaske ce, sunan ne kawai na aro.

Rashin suna kuma ba aibi ba ne. Shahararren maƙeri Masamune na lardin Sagami, wanda ya rayu a ƙarshen zamanin Kamakura, wajen farkon ƙarni na 14, kaɗan ne cikin ayyukansa ke ɗauke da sunansa, galibinsu gajerun wuƙaƙe. Dogayen takubba da yawa an datse su daga gindi a baya don su dace da sabon salon faɗa, suna ya tafi tare da guntun da aka yanke. Zuriyar Hon'ami, masu wasa takubba da tantance su ga sarakuna, kan rubuta sunan wanda suke ganin ya ƙera da zinariya a kan irin waɗannan.

A yau hukuncin da kasuwa ta fi yarda da shi na NBTHK ne, ƙungiyar adana takubban Japan da aka kafa a 1948 a Tokyo. Takardunta hawa huɗu ne, daga na ƙasa, Hozon, zuwa na ƙoli, Tokubetsu Juyo, kuma ba ta ba takobi mai sunan jabu takarda. Ƙaramin katin rajista da doka ta wajabta a Japan daban yake: yana kwafe sunan da aka gani ne kurum, bai ce na gaskiya ba ne. Shi ne kuma mai gwanjon nan ya ɗora a matsayin hujja.