Aljabara da nahawu a GMAT: inda maki ke zubewa

Kafin ka karɓi tsohon littafin GMAT, wato jarrabawar neman shiga karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci, a hannun wani, duba shekarar da aka buga shi. Tun farkon 2024 aka daina tsohuwar jarrabawar, kuma sabuwar ta cire tambayoyin gyaran jimla gaba ɗaya. Yanzu sashe uku ne, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, Turanci 23, nazarin bayanai 20. A sashen lissafi babu kalkuleta, kuma kowace tambaya rabonta minti biyu ne da 'yan daƙiƙu.

Aljabarar ba ta wuce ta sakandare ba. Duk wanda ya zana WAEC ya taɓa ganinta. Gaggawa ce ke kayar da mutum. Ɗauki x² = 5x. Hannu na ƙaiƙayin raba ɓangarorin biyu da x, a samu 5, a wuce. To ai sifili ma amsa ce, kuma rabawar nan ce ta haɗiye ta. Kwashe komai zuwa gefe guda, ka samu x(x − 5) = 0, amsoshin biyu su fito fili. Haka −2x > 6: da zarar ka raba da lambar da ke ƙasa da sifili, alamar sai ta juya, x < −3. Idan kuma aka tambaya ko x² ya fi x girma, kada ka tsaya a 2 da 3. Gwada 0, 1, −2 da ½. Rabin nan shi ke tona asiri, domin ½ sau ½ kwata ne, ya ragu ke nan.

Nahawu kuwa bai tafi ko'ina ba, ya dai ɓuya cikin dogayen jimloli. Fara nemo wanda ya yi aiki da aikin da ya yi, ka tsallake abin da aka cusa tsakanin waƙafi biyu, sannan ka dawo kansa. Ƙananan kalmomi irin su “unless” da “only” kan juya hujja baki ɗaya. Mai shirin GRE, wata jarrabawar ta neman shiga karatun digiri na biyu, shi ma yana buƙatar nahawu, domin yana da rubutun minti 30 a gabansa.

Bayan kowane gwaji, rubuta dalilin kowane kuskure: rashin sani ne, karatun garaje, ko ƙarewar lokaci? Bayan kwana uku ka sake warware tambayar ba tare da leƙa amsa ba.