Umarnin da ya yi maka aiki, ka adana shi

Ƙannena masu aiki a shaguna da ofisoshi, ina so in ba ku labarin inda na yi tuntuɓe wajen aiki da ƙirƙirarriyar basira (AI), don ku tsallake wurin.

Ina aiki ne da wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, mai sayar da shadda da atamfa da leshi a sari. Ni ke riƙe da wayar shago: ni ke amsa kwastomomi a WhatsApp, ni ke rubuta sanarwar sabon kaya, ni ke tura saƙo da Turanci ga masu aiko mana da kaya, wani lokaci da Faransanci ga 'yan Kamaru da Chadi. ChatGPT, wanda ake hira da shi a rubuce yana rubuta wa mutum abin da ya umarce shi, ya fito a watan Nuwamban 2022, ni kuma na fara amfani da shi a 2023. Daga baya Meta AI ya shigo cikin WhatsApp a 2024, abin ya ƙara sauƙi.

Kusan shekara guda na yi ina wahalar da kaina. Kullum da safe sai in buɗe sabuwar hira in fara bayani daga tushe: mu 'yan Kwari ne, ga kayan da muke sayarwa, ga irin mutanen da za su karanta, kada ya yi tsawo. In ya rubuto da kalmomin da ba a faɗarsu a kasuwa, in gyara, in sake gyarawa. Gobe kuma haka. Ban gane cewa a lokacin sabuwar hira kamar sabon yaron shago take ba, duk abin da ka koya wa na jiya sai ka maimaita masa.

Wata rana na dace da wani umarni, wato bayanin da nake rubuta masa na abin da nake so, wanda ya fitar da sanarwa mai kyau ƙwarai, har maigidana ya ce a riƙa yin irinta. Ban kwafe shi ba. Da azumi ya kusa ƙarewa, kasuwa ta cika maƙil da masu sayen kayan Sallah, na shiga nemansa cikin tarin hirarraki, ga kwastomomi suna jira, ga caji yana ƙarewa. Ban gan shi ba. Ranar ce na fara ajiye umarnina a Google Keep, manhajar ajiye rubutu a waya, wasu kuma ina tura wa kaina a WhatsApp in sa musu tauraro.

Abin da ke sa umarni ya yi amfani sau da yawa shi ne ka zauna sau ɗaya ka rubuta shi a tsanake. Ka faɗi ko kai wane ne, da wanda zai karanta, da tsawon da kake so. Ka liƙa masa misalin saƙon da ka rubuta da hannunka wanda ya yi daidai, domin Hausarsa takan zo da ƙamshin fassara, kuma misali ya fi dogon bayani gyara shi. Ni nakan ce masa ya fara da sallama, ya kira mace Hajiya, namiji Alhaji, kuma kada ya ƙara wani farashi ko alkawarin da ban ba shi ba. Wannan na ƙarshen ku riƙe shi da kyau, don ƙirƙirarriyar basira tana iya cike giɓi da abin da babu shi.

Kuskurena na biyu shi ya fi yi mini ciwo. Da na saba da kwafa da liƙawa, sai na daina karantawa. Kun san tun daga tsakiyar 2023, da aka cire tallafin mai kuma dala ta tashi, farashin kayan da ake shigowa da su ba ya zama wuri ɗaya. Tsohon farashin shadda yana cikin umarnina, na tura sanarwa da shi. Wata Hajiya ta taso daga Zariya saboda saƙon nan. Maigidana bai musa mata ba, ya sayar mata yadda aka rubuta, ya ce magana ta riga ta fita daga shagonsa. Asarar tasa ce, amma daga hannuna ta fito, kuma har yau ban manta da shirun da ya yi bayan ta tafi ba.

Tun daga nan ba na barin farashi ko suna ko kwanan wata a cikin umarnin da na adana. Sai in rubuta SUNA, KAYA, FARASHI, RANA da manyan baƙaƙe, yadda idona ba zai wuce su ba sai na cike. Abin da ya rubuto kuma sai na karanta shi daga farko har ƙarshe kafin ya bar wayar.

Akwai abin da ba na sa masa ko kaɗan: lambar wayar kwastoma, lambar asusun banki, da sunayen waɗanda ake bi bashi. Amanar mutane ce, kuma abin da ka rubuta yana zuwa kwamfutocin kamfani ne a wata ƙasa.

Yanzu umarni shida nake da su, kowanne da sunansa: sabon kaya, tunatar da bashi cikin ladabi, ban haƙuri in kaya ya yi jinkiri, da sauransu. Duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan duba su, in cire abin da ya tsufa. Aikin da a da yake kai ni har Azahar, yanzu ina gama shi kafin a gama buɗe shaguna a layinmu.