Takardar haihuwar ɗan yayata, da abin da na fahimta a sakatariyar ƙaramar hukuma

Wata safiyar Litinin yayata ta sallama gidana da wata baƙar leda a hannu, ta zauna ko ruwa ba ta sha ba ta fara zazzage takardu a kan tabarma. Ɗanta na fari ya samu gurbin karatu, an kira su tantancewa, kuma an ce masa takardar haihuwar da ya kai ba ita ake nema ba. Abin da ke cikin ledar shi ne katin rigakafi da ya yi laushi saboda tsufa, da takardar indijin, da sakamakon jarrabawa, da takardar lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Na jera su ɗaya bayan ɗaya, sai na ga cewa a takardun makaranta an haife shi a watan Oktoba na 2006, a takardar NIN kuwa an rubuta 1 ga Janairu, 2007. Na ce, "Yaya, wa ya ba da wannan ranar?" Ta ce ita ce ta raka shi wurin rajistar, da aka tambaye ta ranar haihuwa ta kasa tunawa da lissafin Bature, mai bugawa kuma ya ce za a sa farkon shekara kamar yadda ake yi wa kowa. Ta ƙara da cewa, "Ni dai na san da azumi na haife shi, a gida, ungozoma ce ta yanke cibiya."

Makonni muka yi muna kai da kawowa kafin a warware matsalar, kuma a cikin wannan zirga-zirgar na gane cewa yawancinmu a nan Zariya ba mu bambanta takardun da muke riƙe da su ba. Mutum zai ce yana da takardar haihuwa, in ya fito da ita ka ga katin da asibiti ya ba mai jego ne ranar sallama, wanda sau da yawa ko sunan jaririn babu a jiki, tunda ba a raɗa suna sai ranar bakwai. Wani kuma takardar indijin zai nuna maka, wadda mai unguwa da dagaci da hakimi suka tabbatar kafin ƙaramar hukuma ta buga hatimi. Indijin tana da amfaninta wajen neman aiki da gurbin karatu, amma abin da take shaidawa shi ne asalin mutum, ba ta tsaya a matsayin shaidar ranar haihuwa ba. Wani kuma takardar rantsuwar kotu ce a hannunsa, wadda ake kira dikilareshan.

Takardar da doka ta sani ita ce wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wato NPC, take bayarwa. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa ita ce doka mai lamba 69 ta shekarar 1992, kuma in ka duba saman takardar ta gaske za ka ga an ambaci wannan doka. Ruɗanin da ake samu yana da tushe, domin kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa Hukumar Ƙidaya alhakin kafa tsarin rajistar haihuwa da mutuwa a faɗin ƙasa, sannan a wani jadawalin ya lissafa rajistar haihuwa da mutuwa da aure cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Shi ya sa iyayenmu suke da tsofaffin takardun da ƙaramar hukuma ta bayar da kanta, wasu ma tun zamanin En'e, kuma shi ya sa har yau mutum yake cewa zai je sakatariya ya yanko takardar haihuwa. Zuwa sakatariyar daidai ne, sai dai in ka isa, ofishin ma'aikatan Hukumar Ƙidaya za ka tambaya. Ma'aikatan gwamnatin tarayya ne da ke zaune a kowace ƙaramar hukuma, suna kuma da magatakarda a wasu asibitoci da ɗakunan shan magani, musamman inda ake awon ciki da rigakafin yara.

A nan akwai abin da ya kamata mutumin Zariya ya kula da shi. Garin da muke kira Zariya a baki ya rabu a takarda. Birni da Tudun Wada suna ƙaramar hukumar Zariya, Samaru da Sabon Gari suna ƙaramar hukumar Sabon Gari, asibitin koyarwa na Shika kuwa yana cikin ƙaramar hukumar Giwa. Rajistar haihuwa tana bin wurin da aka haifi yaro, ba ta bin garin da kakansa ya fito, saboda haka matar da ke aure a Kwarbai in ta haihu a Shika, wurin haihuwar da za a rubuta shi ne Shika. Wannan ba ya taɓa indijin ɗin yaron ko kaɗan. Na ga iyaye suna ɓoye ainihin wurin haihuwa don tsoron kada ɗansu ya rasa asalinsa, alhali takardun biyu kowace da aikinta.

Ga jariri abin ba shi da wahala. Doka ta ce a yi rajista cikin kwana 60 da haihuwa, kuma a cikin wannan wa'adi kyauta ne. Uwa ko uba zai je da katin asibiti ko katin rigakafi, da lambar NIN ta iyaye, ya faɗi sunan yaro da ranar haihuwa da wurin haihuwa da cikakken sunan uba da na uwa. In a gida aka haihu, kamar yadda aka haifi da yawa daga cikinmu, wannan ba ya hana rajista, katin rigakafin farko ya isa ya taimaka wajen tabbatar da lokacin. Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da tsarin rajista ta na'ura a watan Nuwamba na 2023, a wurare da dama magatakarda yana shigar da bayanan ne ta waya ko kwamfuta maimakon babban littafin nan da muka saba gani. Wannan ya sa lambar NIN ta iyaye ta zama abin da ba a barin ta a gida.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa ba mu ɗauki wannan ƙaramin aiki da muhimmanci ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajista, kuma duk wanda ya san unguwanninmu ya san cewa arewa ce ta fi ja baya. Ba ƙyuya ba ce kaɗai. Mu mutane ne da suka saba riƙe tarihi da ka. Kakata ba ta taɓa faɗin shekarar haihuwar kowa da lamba ba, sai dai ta ce an haifi wane shekarar da Sarki Shehu Idris ya hau gadon sarauta, wato 1975, ko ta ce wance tana goye aka kashe Murtala, wato 1976. Wannan lissafi ya wadatar a lokacin da ake ɗaukar yaro firamare ta hanyar sa shi ya zagaya hannu ta saman kai ya taɓa kunnensa. Yanzu kuwa tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar NIN, fasfo ma sai da ita, layin waya da asusun banki duk an ɗaure su da ita, kuma kwamfuta ba ta san shekarar da aka yi fari ko shekarar da sarki ya hau ba. Rago guda ake yankawa ranar suna, a ciyar da unguwa, amma tafiyar rabin awa zuwa wurin magatakarda sai ta gagara har yaro ya kai shekara goma sha takwas.

Abin da ya cece mu a maganar ɗan yayata shi ne rubutun mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Al'adarsa ce in an yi haihuwa a gidan ya ɗauko wani tsohon littafin fiƙihu mai bangon fata, ya rubuta da ajami a shafin ƙarshe sunan jariri da ranar mako da kwanan wata na Musulunci. Muka je wurin Inna, mahaifiyarmu, ta buɗe adaka ta fito da littafin, tawadar ta koma ruwan ƙasa amma rubutun yana karantuwa sarai: ranar kaza ga Ramadan, 1427. Da muka juya lissafin sai ya faɗo cikin Oktoba na 2006, daidai da abin da ke takardun makaranta, domin shi marigayin ne ya kai yaron firamare da kansa. Inna ta ce, "Ai Malam bai taɓa yin sakaci da wannan ba, ku ne dai 'yan boko kuka bari."

Da yake yaron ya riga ya wuce shekara 18, ba a ba shi irin takardar da ake ba yara. Wanda ya kai wannan shekarun ba tare da rajista ba, da wanda aka haifa kafin dokar 1992 ta fara aiki, abin da Hukumar Ƙidaya take ba su shi ne takardar tabbatar da haihuwa, wadda ake kira atesteshan. Hanyarta tana farawa daga kotu. Ana zuwa da babba wanda ya san haihuwar, uwa ko uba ko wa ko kawu, ya yi rantsuwa a gaban jami'in rantsarwa cewa an haifi wane a rana kaza a wuri kaza, a manna hoto, a buga hatimi, a karɓi rasit. Yayata ce ta yi rantsuwar. Kafin ta sa hannu na karanta mata takardar da Hausa layi bayan layi, kuma da kyau na yi hakan, domin mai buga takardar ya rubuta sunan mahaifin yaron da wani salo daban da wanda ke sakamakon jarrabawarsa. Daga kotu sai neman atesteshan ɗin, wanda yanzu ake cike bayanansa ta shafin hukumar a intanet, a ɗora takardar rantsuwar da hoto da lambar NIN, a biya kuɗin gwamnati ta hanyar Remita, wato tsarin biyan kuɗi ta intanet. Wannan ba kyauta ba ce. Shawarata ita ce mutum ya fara zuwa ofishin hukumar ya tambayi kuɗin da ake biya a lokacin kafin ya shiga shagon intanet, kuma kada ya miƙa wa kowa kuɗi a hannu ba tare da rasit ba.

Na faɗi haka ne saboda abin da na gani da idona. A bakin wata ma'aikata da muka je, tun kafin mu sauka daga Keke Napep wani saurayi ya tare mu da fayil a hammata yana cewa, "Alhaji, takardar haihuwa ce? Kawo in yi maka yanzu-yanzu, ba sai ka bi layi ba." Irin waɗannan suna iya ba ka takarda mai kyan gani da hatimi da sa hannu, amma babu ita a kowane littafi na hukuma, kuma ranar da aka bincika a ofishin fasfo ko ofishin jakadanci, mai takardar ne zai amsa tambaya. Ma'aikacin da muka samu a ciki kuwa dattijo ne mai haƙuri. Na ce masa, "Malam, mun zo da matsala," ya ce mu zauna, ya ɗauki takardun ya duba kowace, sannan ya yi mana bayanin abin da za mu fara da abin da zai biyo baya. Da atesteshan ɗin ta fito, da ita muka nemi gyaran ranar haihuwa a wurin hukumar NIMC mai kula da lambar NIN, wanda shi ma aiki ne mai cin kuɗi da lokaci.

Maganar rubutun suna ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ta fi jefa mutanenmu cikin wahala fiye da ranar haihuwa. Suna guda ana rubuta shi Muhammad, ko Mohammed, ko Muhammadu, a wani wurin ma a taƙaita shi. A'isha tana zama Aishatu a firamare, ta koma Aisha a sakandare. Yaro yana amfani da sunan mahaifinsa a wata takarda, a wata kuma an ƙara sunan kaka ko sunan unguwa. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, amma a wurin mai tantancewa mutum uku ne. Ranar da za a yi wa yaro rajista, uba ya rubuta sunan a takarda da hannunsa yadda yake so ya tabbata, da jerin da yake so, ya miƙa wa magatakarda, kuma ya karanta abin da aka shigar kafin ya bar wurin. Daga nan duk makarantar da za a kai yaron, wannan takardar ce za a kwafa.

Idan takardar ta ɓata ko gobara ta ci ta, ba a sake sabuwar rajista, domin rajista biyu ga mutum ɗaya wata matsalar ce. Ana kai rahoto ofishin 'yan sanda a karɓi takardar shaidar ɓata, a yi rantsuwa a kotu, sannan a koma wurin hukumar a nemi kwafin da aka tabbatar da hatimi cewa daidai yake da abin da ke cikin rajista. A jikin takardar akwai sunan cibiyar da aka yi rajistar, da lambar littafi, da shekara, da lambar shigarwa, kuma wanda ya riƙe waɗannan ya sauƙaƙa wa ma'aikaci binciken da zai iya ɗaukar kwanaki. Wanda kuma zai kai takardar ƙasar waje, don karatu a Masar ko Sudan ko Ingila, ya sani cewa sau da yawa ana buƙatar Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta tantance ta kafin ofishin jakadancin ƙasar ya karɓa. Saboda hatimin da ake bugawa a jikinta, gara kada a manne ta asali da leda a shagon hoto. A sa ta a fayil, a yi kwafi da yawa, a ɗauki hotonta a waya.

Yaron ya samu shiga makaranta a zangon, bayan mun kai rasit da takardar rantsuwa an ba shi ƙarin lokaci. Da matata ta haihu bayan wannan da 'yan watanni, ranar Alhamis aka yi suna, ranar Litinin na ɗauki katin rigakafi da lambobinmu na NIN na tafi wurin magatakarda. Da takardar ta zo hannuna na wuce gidan Inna, na karɓi littafin Malam, na rubuta sunan jaririyar da kwanan watan Musulunci a ƙarƙashin layinsa na ƙarshe, sannan a gefe na ƙara kwanan watan Bature da lambar rajistar.